Manhajata a Cikin ta Yaya

Injin niƙa ne ke fara magana a layin. Tun kafin a buɗe biro, ofishinmu, yake tashi, ya yi tari kamar tsoho, sannan ya kama ruri har azahar. Ƙamshin garin gero mai ɗumi ya biyo iska ya shigo ta taga, da ɗan warin man gazuwal a bayansa. Cikin wannan ƙara na yi istaj ɗina na koyon aiki a Tasawa, a daminar shekarata ta ƙarshe ta karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi.

Biron na wata ƙungiyar manoma ne, ɗaki biyu da rumfar kwano. Akwai direkta, mutum mai sauri wanda kullum makullin moto, wato babur, ke hannunsa. Akwai sakatare, dattijo Bakatsine da kowa ke ce wa Baba, wanda tun da ya ji daga Kanan-Bakashe nake ya daina kirana da komai sai Bagobira. Sai kuma matar da ke kula da ordinatoci, wadda aka damƙa ni a hannunta. Ranar farko na rusuna na ce, "Ina kwana, Madam."

"Madam tana aji a lakwal riƙe da bulala," in ji ta. "Ce mini Yaya. Jawo kujera."

Ɗiyar makiyaya ce daga wajen Sarkin Hausa, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa. Idan aiki ya ƙi ba ta tsaki, sai ta yi wa allon magana da Fillanci a hankali, irin yadda ake lallashin saniyar da ta hana nono. Ordinatarta a kan murafun kwalba take zaune don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Sau da yawa nakan shagala da kallon yatsunta masu lalle suna tafiya a kan maballai, har sai ta ce, "Ƙanwata, dawo duniya."

Ita kaɗai ta gina babbar manhajar ƙungiyar, wadda ke riƙe da sunayen mambobi da irin da ke rumbunan tsimi. A yawancin ƙauyukan da suke aiki babu rezon waya, don haka ta mai da ordinatar guda ta zama sarba, wato mai masaukin manhajar gaba ɗaya. A naɗe ta da zane a saka a jaka, a ɗaura a bayan moto. In an isa gari a kunna ta a gindin bishiya, wayoyin mutane su kama wifi ɗinta, su buɗe adireshi guda da kowa ya riga ya haddace. A biro ma haka muke aiki, ba tare da intanet ba. Kowa yana da kwafi a ordinatarsa, yana buɗe shi da adireshin da ake ce wa localhost. Na ƙaunaci wannan kalma. Ina son tunanin na'urar da ke yin sallama a ƙofar kanta, ta amsa wa kanta, ta shimfiɗa wa kanta tabarma.

Tawa manhajar ƙarama ce. Hotuna ne na tsutsotsi da ƙwarin da ke cin gero da wake, kowane hoto da murya a ƙarƙashinsa. In ka taɓa, sai ka ji ana faɗin sunan ƙwaron da Hausa da abin da malaman gona suka ce a yi masa. Muryar tawa ce. A ɗakin innata na ɗauke ta, na rufe kaina da bargo don kada kukan awaki ya shiga. Saboda mata irin innata na yi ta, waɗanda suka san ciwon gonarsu da ido amma ba su karanta takarda. Da ita kuma zan tsaya gaban malamai a ƙarshen shekara. Sharaɗinsu a fili yake: manhaja mai tsayuwa da ƙafarta, wadda ɗalibi ya gina da hannunsa, kuma aka yi aiki da ita a wurin istaj. In babu, sai a maimaita shekara.

A ordinatata tana aiki lafiya lau. Da na nuna wa direkta, ya taɓa hoto biyu, ya gyaɗa kai.

"Ta yi kyau. Amma ordinatar guda ce ke fita ƙauye, adireshi kuma guda. Ba zan koya wa mutane wani sabo ba. Ranar kasuwar Urafan mai zuwa za mu tafi. In ta buɗe daga cikin babbar, madalla. In ba ta buɗe ba, a kwashe hotunan a zuba su a shafi guda cikin babbar, a huta."

Na gane abin da hakan ke nufi. Hotunan za su isa ƙauye, muryata ma za ta isa, amma manhajar da zan nuna wa malamai ta narke kamar gishiri a miya.

Da ya fita Yaya ta juyo. "Innarki tana da gamana?"

Na ce tana da ita. A wajenmu gandu na gida ne gaba ɗaya, mai gida ke riƙe da shi. Gamana kuwa ƴar gona ce da ake yankar wa mace ko saurayi a cikin ƙasar gidan, ya noma a ranakunsa, abin da ya fito nasa ne.

"To haka za mu yi," ta ce. "Taki za ta zauna cikin tawa, amma da iyakarta. Hanya guda za a bi a shigo, in an iso gefenki ke ce mai wurin. Ga kwafin tawa. Saka dosiyenki a ciki ki gwada."

Daga nan ta koma kan aikin rumbunan tsimi da ya taru mata, ni kuma na ja kwafin zuwa tebur ɗina.

Na saka dosiyena, jakar da duk fishiyoyi, wato fayilolin manhajata, ke ciki, a cikin nata. Na rubuta adireshin, na ƙara sunan dosiyen a gabansa. Abin da ya fito shafin Yaya ne, da korensa da tambarin ƙungiya, yana cewa cikin ladabi ba a sami abin da nake nema ba. Na sake. Na canza sunan dosiyen. Na kashe sarba na kunna. Kowane lokaci manhajarta ce ke fitowa bakin ƙofa ta ba ni haƙuri, tawa kuwa tana can ciki ba ta ma san an zo nemanta ba.

A rana ta biyu na gano dalili. A cikin fishiyen saitin babbar manhajar akwai wani layi da ke cewa duk wanda ya zo, ko mene ne ya zo nema, a kai shi zauren babbar. Layin daidai ne ga manhajar da ke zaune ita kaɗai. Amma yanzu yana tare baƙina yana kai su wurin da ba a san ni ba.

Na ga layin, na rufe fishiyen a hankali kamar na leƙa ɗakin da ba a ce in shiga ba. Yadda aka rene ni, ƙarami ba ya buɗe adakar babba, balle ya gyara abin da ke ciki. Kwafi ne a ordinatata, ba wanda zai sani, amma hannuna ya ƙi. In je in ce mata matsalar daga wajenta take, wannan ma bakina ya ƙi. Sai na koma ina neman dabara daga cikin nawa dosiyen, ina gyara abin da bai lalace ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, hadari ya taso daga gabas ya zubar ya wuce, ranar kasuwa tana matsowa.

Baba ne ya tona ni. Ya zo wucewa da butarsa ya tsaya a kaina.

"Bagobira, mi ya faru? Tun jiya kike kallon allon ga kamar an aiko miki da sammaci. Ko tuwon Katsinawa ne ya fi ƙarfin cikinki?"

"Baba, tuwonku ko jariri bai ƙosarwa."

"Ji ta! Baiwa tana zagin tuwon ubangijinta." Ya ɗaga murya. "Hajiyar ordinatar, zo ki ga ɗiyarki, ta kusa kuka."

Yaya ta taso ta tsaya bayana. Ta karanta shafin haƙurin, ta ce in nuna mata abin da na gwada. Na nuna mata duka, ina kewaye wurin nan guda. Ta saurara har na ƙare.

"Kin duba saitin tawa?"

"Na duba, Yaya."

"Mi kika gani?"

Na sunkuyar da kai. Na ce akwai wani layi, wataƙila ni ce ban fahimce shi ba.

"Tun yaushe kika gan shi?"

"Tun jiya."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinta ya motsa. Ta kama hannuna ta kai ni tebur ɗinta, ta zaunar da ni a kujerarta, ita ta tsaya. Ta buɗe fishiyen na asali, ba kwafi ba.

"Ni za ki gaisar da safe," ta ce. "Fishiye ba shi da furfura. Nuna mini layin."

Na nuna da ɗan yatsa ba tare da na taɓa allon ba.

"Shi ne. Mi ya kamata a ce masa?"

"A ce masa, kowa ya zo a kai shi zaure, ban da wanda ya zo neman dosiyena."

"Rubuta."

Na rubuta sharaɗin a saman layinta, layi guda. Kujerar tana da ɗumin jikinta. Ta duba, ta ce na manta wata alama a ƙarshe, na saka. Muka sake kunna sarba.

Manhajata ta buɗe, amma tsirara. Rubutu baƙi a kan fari, babu launi, babu hoto ko guda, sai ƴan akwatuna marasa komai a inda tsutsotsina ya kamata su kasance. Na taɓa wurin murya, shiru. Na ji kunya kamar an ga ɗakina ban yi shara ba.

"Madalla," in ji Yaya. "Yanzu aƙalla ita ce ke amsawa. Kar ki gyara komai tukuna. Tambaye ta ina take neman kayanta."

Wannan ita ce hanyar aikinta, kuma ita na fi riƙewa daga duk abin da ta koya mini. Ba ta taɓa abu sai ta ga inda yake ciwo. Ta nuna mini wata taga a cikin burawuza, abin buɗe shafuka, inda ake ganin duk aiken da shafi ke yi, da amsar da ake ba shi. Muka ga manhajata tana aika neman hotuna a bakin babbar ƙofa, domin lokacin da na gina ta ita kaɗai ce a gidan, kuma haka na rubuta mata kowace hanya, daga tushe. Ta ƙaura zuwa ɗakin ciki amma tana laluben tulu a inda yake a tsohon gida.

Maganin shi ne a gaya mata mazauninta a wuri guda, sannan kowace hanya ta fara daga nan. Sai dai ni da hannu na rubuta hanyoyin, shafi bayan shafi, hoto bayan hoto. Yaya ta jawo kujera kusa da ni, ta zuba gyaɗa a murfin kwano tsakaninmu. Tana karanto sunayen fishiyoyin, ina gyarawa. Duk wanda muka gama sai hoto guda ya bayyana a allon. Tsutsar zangarniya ce ta fara dawowa, tana kwance a kan gero kamar mai hutun rana. Ban taɓa murnar ganin tsutsa irin ta ranar ba.

Direkta ya shigo ya same mu a haka. Ya dubi aikin rumbunan da ke jiran Yaya a ɗaya tebur ɗin.

"Da kin kwashe hotunan nan cikin taki, da rabin yini ya ishe ki."

"Da ya isa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Sai ta koma Maradi da mi?"

Ya kaɗa makullinsa, ya fita.

Ana gobe tafiya muka ɗora komai a kan ordinatar da ke fita ƙauye. Baba ya shiga babbar manhajar da kalmar sirrinsa yana saka sunayen sababbin mambobi, da yatsa guda kamar yadda ya saba. Ya tashi alwalar la'asar, ni kuma na zauna a wurinsa na buɗe tawa a wata taga don in gwada muryoyin. Da ya dawo ya danna ajiye, sai manhajar ta ce ba ta san shi ba, ya sake shiga. Duk abin da ya rubuta ya tafi.

"La'ilaha illallahu! Ni da na fi shekara biyar ina shiga wurin ga yau aka ce ba a san ni ba? Bagobira ta shigo mana da aljanunta!"

Wannan karon direkta bai yi sauri ba. Ya zauna, ya yi magana a natse, abin da ya fi ba ni tsoro. Ya ce babbar manhajar ita ce ƙungiyar. Ba zai kai abin da ke korar ma'aikata ƙauye ba. A cire ƙaramar yau, a yi shafin hotuna kamar yadda ya faɗa tun farko. Gaskiya ce ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Na dubi hannuwana.

"Ba ni zuwa magariba," in ji Yaya. "In ban gano ba, ni da kaina zan cire."

Ta sa Baba ya sake shiga. Ta ce in buɗe tawa. Aka kore shi. Ta ce a sake, tana kallon wani lungu na burawuza inda ake ajiye ƴar shaidar da manhaja ke ba wanda ya shigo don ta gane shi in ya dawo. Baba yana shiga yana mita, ana korarsa yana salati. A karo na gaba ta ɗora yatsa a kan allon.

"Ga shi. Shaida guda ce a nan, ya kamata su zama biyu. Tawa da taki suna ɗaya muka bar musu, sunan da suka zo da shi. Da yake sun zauna adireshi guda, taki sai ta ɗauki ta Baba ta rubuta nata a kai." Ta juya wajen Baba. "Kamar kwanonin injin niƙan can ne, Baba. Duk iri ɗaya daga kasuwa guda. In mace ba ta ɗaura ƙyalle a nata ba, da garin wata za ta koma gida."

"To a ɗaura wa Bagobira ƙyalle. A wuya."

"Wane suna za ki ba taki?" Yaya ta tambaye ni.

Na ce tsutsa. Baba ya ce ya dace da mai ita. Na canza sunan, na kuma gaya wa shaidar kada ta fita iyakar dosiyena. Baba ya shiga, na buɗe tawa, na taɓa hoto, muryata ta cika ɗakin tana bayanin ƙwaron wake. Ya danna ajiye, ya ajiyu. Muka maimaita har direkta ya gaji da kallo. Ya miƙe, ya ce a tabbata an cika batiri, da sassafe za a tashi.

Hanyar Urafan yashi ce, gero ya rufe ta dama da hagu har ya fi kan mai moto tsawo. Ina bayan Yaya rungume da jakar. A gefen kasuwa, gindin wata gawo, muka kunna ordinatar a kan tabarma. Mata suka taru, wasu da wayoyinsu, wasu da na ƴaƴansu. Suka buɗe adireshin da suka sani, koren shafin Yaya ya fito, a ƙasansa ga ƴar ƙofa mai hoton zangarniya. Wata mata mai goyo ta taɓa. Launi ya canza zuwa ruwan ƙasa da na zaɓa da kaina. Ta taɓa hoto, ta kai wayar kunne, sannan ta dube ni.

"Ke ce a ciki?"

Na ce ni ce.

"To ke da kike tsaye shiru tun ɗazu, ashe a waya kike da baki." Matan suka kwashe da dariya. Ta sake taɓawa, ta miƙa wa ta kusa da ita. "Ji nan. Irin wadda ta cinye mini wake bara ce, sai dai ta cikin wayar ta fi ƙiba."

Na nemi Yaya da ido. Tana can gefe tana cinikin nono da wata Bafillatana cikin harshensu, ta bar mini tabarmar da mutanen.

Bayan girbi na tsaya gaban malamai a Maradi. Na buɗe manhajar ita kaɗai, sannan na buɗe ta a cikin babbar, na nuna musu layin da na rubuta da sunan shaidar. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariyar sunan. Na ci.

Shekaru sun wuce, na kama aiki a Maradi, Yaya kuma ta koma Yamai. A tashar mota na haɗu da direkta wata rana, furfura ta fara fito masa, makullin yana nan a hannunsa. Muka gaisa, na tambayi Baba, na tambayi ƙungiya. Shi ya gaya mini abin da ban sani ba. Duk lokacin da aka sabunta babbar manhajar, sabon saitin yakan goge layin da na rubuta, tawa ta ɓace. Yaya ce ke zama ta mayar da shi, ta bi hotunan da muryoyin ɗaya bayan ɗaya ta tabbata suna amsawa. Ya ce kusan kowace shekara yana ce mata ta narkar da ita cikin babbar ta huta, tun da mai ita ta riga ta karɓi takardarta. Har ranar da ta bar Tasawa, dosiyen yana nan daban da sunana a kansa.